Ba Rawa Kawu Yake Yi Ba

Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, maza suka ɗauke shi zuwa maƙabartar Baƙi'a, mu mata muka zauna a gidansa na Al-Khalidiyya muna karɓar gaisuwa tsakanin magariba da lisha, kamar yadda ake yi a nan Madina.

Falon mata ya cika har bakin matakala. Ana zagayawa da gahawa da dabino. Duk wadda ta shigo sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana riƙe hannuwanmu, ta ce, “Azzamallahu ajrakum,” tsofaffin kuma su ƙara da, “Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?” Kowace da abin da ta riƙe game da shi. Wata ta ce mijinta bai taɓa riga shi shiga masallaci da asuba ba. Wata 'yar Sudan ta ce lokacin da maigidanta yake kwance a asibiti, Kawu ne ke kai mata yara makaranta ya ɗauko su, bai taɓa nuna gajiya ba. Wata ta tuna dabinon da yake rabawa gida gida idan kaka ta yi. Ina jin su, ina gyaɗa kai, duk gaskiya ne.

Sai wata dattijuwa, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta gyara mayafinta, ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Allah sarki, mutumin kirki. Allah dai ya yafe masa rawar nan da ya tsira da tsufa.”

Mata da dama suka ce amin.

Na ajiye finjalin gahawar da ke hannuna. Na ce, “Hajiya, ba rawa ba ce.”

Mahaifiyata ta mintsine ni a cinya. Ta ce a hankali, “Ke, gidan makoki ne.”

Kafin a watse, matar babban ɗan Kawu ta ja ni gefe kusa da kicin, ta ce mijinta, wanda muke kira Yaya, ya aiko ta. Ya ce don Allah kada a tayar da maganar nan ta 'yan Sin a gaban mutane, a bar tsohon ya tafi da mutuncinsa.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Na ga yadda ake shirin binne mutum sau biyu, gawarsa a Baƙi'a, rabin rayuwarsa kuma a bakin mutane. Ni ban yarda ba. Kuma da Hausa zan rubuta, ko da 'ya'yana sai sun yi ta tuntuɓe kafin su karanta, domin da Hausa ya koya min.

Abin da suke kira rawa sunansa taici. Motsa jiki ne na mutanen Sin, ana yinsa a tsaye, a hankali ƙwarai, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa na tafiya kamar a cikin ruwa. Wanda bai sani ba zai ɗauka wasa ne. Wanda ya gwada zai ji cinyoyinsa na rawa kafin shayi ya tafasa.

Kakan Kawu da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya yi shekaru a Sudan yana aikin gona kafin ya tsallako teku. Shi Kawu a nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne, Larabcinsa na 'yan Madina ne tsaf, amma idan ya yi fushi ko ya yi murna Hausa ce ke fita. Tun yana saurayi yake aikin hawan dabino a gonakin Badr, har ranar da igiya ta yaudare shi ya faɗo. Bai mutu ba, amma bayansa bai sake miƙewa daidai ba. Ya koma tuƙa motar ɗaukar kayan lambu. Ni da na taso, a karkace na san shi, hannu ɗaya dafe da ƙugu, yana salla a kan kujera tun gemunsa bai yi fari ba.

Labarin haɗuwarsa da malaminsa ya ba mu shi sau ba adadi, kuma kullum sai ya yi dariya kafin ya kai ƙarshe. Wata safiya bayan asuba ya sauke kaya a wajen kwarin Aƙiƙ, sai ya hango wani ɗan ƙaramin tsoho da farar hula a wani fili kusa da kwarin, ya lanƙwashe gwiwa, hannuwansa na lilo, yana karkatawa gefe a hankali kamar zai faɗi. Kawu ya ce a ransa, jiri ne ke ɗibar bawan Allahn nan. Ya fito daga mota da ɗingishinsa, ya ruga, ya rungumo shi ta ƙugu yana cewa, “Bismillah, ya hajji, zauna, zauna!”

“Wallahi ban san abin da ya faru ba,” in ji Kawu. “Ni na je zaunar da mutum, sai ga ni zaune a ƙasa, shi kuma yana tsaye riƙe da hannuna don kada ƙeyata ta bugu. Yana min murmushi.”

Tsohon Musulmi ne ɗan ƙasar Sin, ya daɗe da zuwa Madina, ɗansa na da ɗan gidan abinci inda ake sayar da taliyar hannu. Larabcinsa kaɗan ne, Kawu kuwa ko gaisuwa bai sani ba da yarensu. Ya ji masu aiki a gidan abincin na kiran tsohon da wata kalma, “laushi, laushi,” wai malam ke nan da harshensu. Kawu ya ce ya yi dariya har bayansa ya amsa. Ya ce, “Ga sunansa, ga aikinsa.” Daga ranar har ya koma ga Allah, Malam Laushi yake kiransa.

Tsohon ya taɓa bayan Kawu da tafin hannu, ya girgiza kai, ya nuna masa ƙasa ya ce, “Bukra.” Gobe. Kawu ya koma gobe, ya koma jibi, ya yi ta komawa shekara da shekaru. Tun da sunayen motsin ba sa zama a bakinsa, sai ya raɗa musu nasa. Akwai janyo guga, akwai tura ƙofar zaure, akwai karɓar jariri, akwai korar kaji, akwai wani da ake sunkuyawa ƙasa sosai da ya sa wa leƙa rijiya. Har yau ban san sunayensu na asali ba, kuma ban damu ba.

Ni ban shiga harkar ba sai da wuya ta kai ni. Muna hanyar Badr za mu gaida dangi, motarmu ta yi hatsari, ƙuguna ya karye, aka sa min ƙarfe. Likitoci suka gama nasu, suka ce ƙashi ya haɗe. Amma tsoro bai haɗe ba. Gidanmu a sama yake, kuma duk lokacin da na leƙa matakala sai in ji kamar ana jan ƙasa daga ƙarƙashina. Na yi watanni ban sauka ba. Daga gado zuwa banɗaki da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, daga banɗaki zuwa gado. Maigidana ya yi lallashi har ya gaji, ya koma kawo min komai ɗaki.

Wata rana bayan la'asar sai ga Kawu ya hawo. Bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona.

Ya ce, “Wace ƙafar ce ta samu matsala?”

Na nuna masa ta hagu.

“Ɗayar fa, me ya same ta?”

“Lafiyarta ƙalau, Kawu.”

“To me ya kwantar da ita?”

Ya ɗauki sandar ƙarfen ya kai kicin, ya dawo ya miƙo min hannuwansa biyu. Na tashi ina kuka, ina riƙe da shi kamar zan ɓalle masa yatsu. Ya jingina ni kusa da bango, ya zare hannunsa ɗaya, ya zare ɗayan, ya ce in tsaya. Shi ke nan darasin. Washegari ma haka. Makonni ba abin da muke yi sai tsayuwa, har raina ya ɓaci.

Na ce, “Kawu, tsayuwa kawai? Ai tun ina jaririya na iya tsayuwa.”

Ya ce, “Ba ki iya ba. A rataye kike. Kin rataye kanki a kafaɗunki kamar abaya a jikin ƙusa. Sauko. Ƙasa ba ta gaji da ɗaukar ki ba, ke ce kika ƙi ba ta kayan.”

Ba mai yabo ba ne. Idan ka yi daidai sai ya ce “yauwa” a taƙaice, ya wuce gaba. Idan ka yi kuskure ba ya faɗa, sai ya sa yatsa ɗaya ya ɗan tura ka a kafaɗa, ka ga kana tangaɗi, ka gane da kanka. Bayan tsayuwa ya koya min juye nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan, a hankali, kamar mai juye man zaitun daga kwalba zuwa kwalba. Sai taku. Sai hannuwa.

Ranar da na sauka matakala bai gaya min ita ce ranar ba. Ya ce in raka shi bakin ƙofa. Ya shiga gaba yana sauka da baya, fuskarsa na kallona, bai riƙe ni ba, yana ba ni labarin wani bunsuru da suka taɓa yi a gonar Badr wanda ya koyi buɗe ƙofar rumbun dabino da ƙahonsa. Ina biye da labarin, ina tambayar yadda aka yi da bunsurun. Sai na ji iskar titi a fuskata. Na waiga na ga matakalar duka a bayana, na zauna a dandamali na fashe da kuka. Shi kuwa ya ce, “An yanka shi da salla. Namansa tauri.” Ya shiga motarsa ya tafi.

Bayan na warke na ci gaba da zuwa wurinsa. Da aka buɗe wajen motsa jiki na mata a unguwarmu, na tarar da wata matashiya da ta yi karatu a waje tana koyar da taici a ɗaki mai madubai, da ɗan sauti mai sanyi. Na shiga ajinta. Na je na gaya wa Kawu ina ɗari-ɗari, na zaci zai ji haushi.

Ya ce, “Tana da gwiwoyi?”

Na ce, “Tana da su.”

“To tana da abin koyarwa. Je ki, ki dawo ki nuna min.”

Na dawo na nuna masa a tsakar falo. Yawanci tsaki ya yi ta ja. Ya ce wannan don madubi ake yinsa, wancan kuma hannu ne ke tafiya ya bar ƙugu a gida. Amma da na zo wani juyi da ta koya mana, inda ake ɗaga yatsun ƙafa a juya a kan diddige kafin jiki ya bi, sai ya ce in tsaya, in sake. Na sake. Ya tashi ya gwada. Ya gwada kuma. Sannan ya ce, “Shekaru ina murɗe gwiwata a nan wurin ban sani ba. Ki ce mata wani tsoho ya gode.” Mutumin da ya haura saba'in ke nan, ya karɓi gyara daga yarinyar da bai taɓa gani ba, ta hannun 'yar ƙanwarsa. Wannan ma ina so a rubuta a cikin halayensa, kusa da sahun farko.

Rigimar da ta raba shi da babban ɗansa waya ce ta jawo ta. Lokacin an gyara bakin kwarin Aƙiƙ, an yi wajen tafiya da fitilu da kujeru, Kawu kuma bai canza wurinsa ba. Wasu samari suka ɗauke shi bidiyo yana leƙa rijiya, suka ɗora kiɗa a kai, suka rubuta, “Takaruni ya zama ɗan Sin.” Wanda ba a nan yake ba, takaruni ita ce kalmar da ake jifan mu da ita, mu baƙaƙen da kakanninmu suka zo daga yamma, ko da kakan naka a Baƙi'a yake kwance. Bidiyon ya zagaya, har ya isa ofishin da Yaya yake aiki.

Ni da Yaya taubasai ne, tun muna yara tsokana ce tsakaninmu, kuma ba zan zalunce shi a rubutu ba. Na san abin da ya sha. Na san sau nawa ya dawo daga makaranta da yagaggiyar riga saboda wannan kalmar. Ya yi karatu, ya daure, ya kai inda ake tashi a gaishe shi. Sai ga abokan aikinsa na miƙa wa juna waya suna danne dariya.

Ranar Juma'a muna cin abinci a gidan Kawu, Yaya ya ajiye wayar a gaban mahaifinsa. Ya ce, “Ya buya, wallahi fadahtana.” Wato, Baba, ka kunyata mu.

Kawu ya kalli bidiyon har ƙarshe. Ya ce, “Bayana ya miƙe a nan, ka gani?” Sannan ya ture wayar. “Abin da ka faɗa, maimaita min da Hausa.”

Yaya ya ce da Larabci ba lokacin wannan ba ne.

“Lokacinsa ne. Idan da Hausa ka faɗa, wataƙila kunyar ta kama ni. Da Larabci ba ta kama ni.”

Yaya yana jin Hausa sarai, amma bakinsa ba ya ɗaukar ta. Ya yi ƙoƙari, ya haɗa kalma biyu, ya koma Larabci. Ya ce ba wanda ya hana shi motsa jiki, ya hau saman gida ya yi, inda ba mai ganinsa.

Ban taɓa ganin Kawu ya ajiye cokali a tsakiyar abinci ba sai ranar. Ya ce, “Ubana a bayan gari ya zauna don kada a gan shi. Uwata ta ƙofar baya take shiga gidajen da take yi wa wanki. Ni kuma ɗan da na haifa ne zai kai ni saman gida ya shanya? Ban yi sata ba, ban yi tsirara ba, ban tare wa kowa hanya ba. Wanda idonsa ya ga abin dariya, ya yi dariyarsa, haƙoransa ne.”

Washegari ya sa farar rigarsa ta Juma'a, wadda aka goge, ya fesa turare, ya tafi Aƙiƙ. Da can a gefe yake tsayawa, bayan wasu itatuwa. Ranar a tsakiyar fili ya tsaya. Maigidana da ya kai shi ya ce bai taɓa ganin ya yi shi a hankali kamar na ranar ba, kamar mai cewa duk mai waya ya samu isasshen lokaci.

Wani amininsa ma ya zo masa, mutumin Cadi, mai ilimi da natsuwa, wanda suka daɗe suna salla kafaɗa da kafaɗa. Shi ba dariyar mutane ce damuwarsa ba. Ya ce, “Alhaji, ina jin tsoro ne. An ce abin nan asalinsa yana da alaƙa da bautar wasu mutane.”

Kawu ya ce, “Malam, ka tuna shekarun da nake salla a kan kujera kusa da kai?”

“Na tuna.”

“Yanzu idan liman ya yi sujada, ina goshina yake?”

“A ƙasa.”

“To wa nake bauta wa da shi?”

Malamin ya ce gaskiya shi dai bai gamsu ba. Kawu ya ce, “Kada ka gamsu. Zo mu sha shayi.” Haka suka zauna har ƙarshe, ɗaya bai gamsu ba, ɗaya bai daina ba, kuma an gaya min malamin nan yana cikin waɗanda suka sa kafaɗa a makararsa.

Akwai abin da masu cewa rawa ba su sani ba, domin Kawu ba ya faɗa. Da ɗan Malam Laushi ya koma Jidda da iyalinsa, tsohon ya ƙi bin su. Ya ce ya baro ƙasarsu ne don ya mutu a Madina, ba zai ƙarasa a bakin teku ba. Ya zauna shi kaɗai a ɗaki ɗaya. Da ƙarfinsa ya ƙare, Kawu ne ke kai masa abinci kullum daga tukunyar gidansa. Na taɓa raka shi na ga tsohon na cin tuwo da miyar kuka da tsinkayensa biyu na cin abinci irin na mutanen Sin, yana yanka lomar tsaf, miyar na zillewa yana binta. Kawu ke yanke masa farce, shi ke aske masa kai. Su zauna awa guda ba wanda ya ce uffan, don ba su da harshen da ya ishe su hira, kuma ba su ga buƙatarsa ba. Da ya rasu, kafin ɗansa ya iso daga Jidda, Kawu ne ya yi masa wanka da hannunsa, ya sa masa likkafani. Ranar ce kaɗai na ga Kawu ya dawo gida a karkace kamar da.

Nasa ciwon zuciya ce. Bai daɗe a asibiti ba. Ranar da na gan shi na ƙarshe da hantsi ne, yana kwance ido a rufe, an sa masa ruwa a hannu. Sai na ga hannuwansa sun ɗago daga kan bargo suna tafiya a hankali. Ma'aikaciyar jinya ta matso za ta danne su, tana tsoron allurar za ta fita, ta ce ruɗewa ce. Na roƙe ta ta bar shi. Na san abin da yake yi, janyo guga ne, yana yinsa daidai, har numfashin.

Da ya gama ya buɗe ido. Bai kalli fuskata ba, ƙafafuna ya kalla.

Ya ce, “Ta hagun nan ƙarya take yi. Duk nauyin a dama yake.”

Ban ma san na koma tsayuwar marasa lafiya ba, tun da aka kwantar da shi. Na ce, “Kawu, yanzu ma?”

“Raba.”

Na raba nauyin, hawaye na zuba.

Ya ce, “Yauwa. Kira min uwarki.”

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Kashegari ya cika, Yaya na riƙe da hannunsa yana laƙƙana masa kalmar shahada, kuma ya amsa. Wannan ma gaskiya ne, kuma ina gode wa Allah da ya sa ɗansa ne a wurin.

A daren ƙarshe na zaman makoki, bayan an idar da lisha mutane sun fara raguwa, maigidana ya kira ni bakin ƙofa. Ya ce wasu tsofaffi sun tsayar da shi a ɓangaren maza. Ashe a shekarun nan na baya Kawu ya yi jama'a a Aƙiƙ: wani tela ɗan Sudan, wani Balarabe tsohon malamin makaranta da hannunsa ke karkarwa, da wani direba mai ciwon suga. A bayansa suke tsayawa suna kwaikwayo, ba su taɓa riƙe abin da ka ba. Sun gwada su kaɗai, sun kai rabi sun tsaya suna kallon juna. Kawu ya taɓa gaya musu 'yar ƙanwarsa ta san shi har ƙarshe. Suna tambaya, cikin jin nauyi, ko zan yarda in tsaya a gaba da abayata, maigidana na wurin, su kuma su tsaya can baya nesa.

Kafin in ba da amsa magana ta kai kunnen Yaya. Da safe ya same mu a ɗakin mahaifiyarsa, matar Kawu, wadda muke kira Inna. Tana zaune a kan darduma cikin takaba, tun rasuwar ba ta yi doguwar magana da kowa ba. Yaya ya ce, rabi da Larabci rabi da Hausa, abin da namiji ya yi aka yi dariya, idan mace ta yi me za a ce? Ya ce a bar abin ya mutu da mai shi. Ya ce shi ne babba yanzu.

Na buɗe baki, Inna ta ɗaga min hannu.

Ta ce, “Zauna.” Ya zauna. “Kai babba ne, amma akwai abin da ba ka kai ka tuna ba. Lokacin da ubanka ya faɗo daga dabino kana goye. Mutumin da aka dawo min da shi ba wanda na aura ba ne. Ciwo ya cinye shi. Ba ya barci, ba ya barin kowa ya yi. Idan ya shigo gida sai in kwashe ku in kai ɗaki in rufe. Ya taɓa jifa da tire saboda shayi ya huce. Sau biyu na ɗaure kayana, uwar wannan ce ta kwance min su.”

Ta nuna ni da haɓa. Yaya ya sunkuyar da kai.

“Da ya fara zuwa wurin tsohon nan, ban san me suke yi ba, ban tambaya ba. Na dai ga wata rana ƙaninka ya zubar masa da miya a riga, na runtse ido ina jiran tsawa. Sai na ji ya yi numfashi, ya sauke kafaɗa, ya ce a kawo tsumma. Uban da ka sani, mai haƙurin nan da ake ta yabo a falo kwana da kwanaki, a filin nan aka gyaro min shi. Kai ka ji kunya a ofis. Ni na samu miji.”

Can ta juyo gare ni ta ce, “Ki je. Idan na fita takaba ki zo ki ɗauke ni in ga wurin. Ban taɓa gani ba.”

Yaya ya tashi ya fita bai sha gahawarsa ba. Har yau bai ce min na yi daidai ba, bai kuma sake cewa kada in je ba.

Na je. Tsofaffin na can suna jira, sun gaishe da maigidana, suka yi min ta'aziyya daga nesa, suka ja baya suka jeru. Na juya musu baya na fuskanci kwarin. Ban iya kamar Kawu ba, kuma ba zan taɓa iyawa ba. Da muka wuce rabin da suka sani, sai na ji takun takalmansu a bayana ya rikice, ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya, telan ya ce “La haula” da ƙarfi. Na rage sauri, na sake ɗaukowa daga inda suka ɓace, har na ji takun ya dawo tare. Muka kai ƙarshe rana na fitowa. Tsohon malamin makarantar ya ce wa maigidana a gaya min gobe ma suna nan. Na ce a gaya masa ni ma.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya yalwata maka makwancinka, ya haɗa ka da malaminka a inuwa ɗaya, ya tashe ka ranar tsayuwa da bayanka a miƙe.